Ranar da Na Zama Gwamnati

Shekarun baya, ba da nisa can ba, na yi wani wasa wanda har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina. Ku da kuke bibiyata a nan kun saba jin shirme da tsokana daga wajena. Yau sai ku yi haƙuri da ni. Da dariya aka fara, amma ba da ita aka tashi ba.

Ina da aboki a nan Inugu. Tirela ɗaya ce ta sauke mu muna samari, shi a tsakiyar awaki, ni a saman buhunan wake. Shi ya zama dillalin awaki, ni na kafa teburin nama a Kasuwar Artisan. Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, kun ga kuwa ba sai na yi dogon bayani ba. Sama da shekara talatin ban taɓa yi masa gaisuwar arziki ba.

"Bawana, an tashi?"

"Ubangidanka ya tashi lafiya. Ya aikin bauta?"

Na zuba masa barkono a shayi. Na ɓoye masa takalmi a masallacin Juma'a, ya shiga Keke Napep ba takalmi har unguwar Abakpa. Al'ada ta ce ba ya fushi da ni, ni kuma na ɗauki wannan na mai da shi lasisi.

Wajen boko, ni a aji uku na yi sallama da malamai, su ma ba su riƙe ni ba. Shi ko ƙofar ajin bai gani ba. Saboda haka da babbar waya ta zo hannunmu, ba ruwanmu da rubutu. Ka danna, ka riƙe, ka faɗi abin da ke bakinka, ka saki. Wayoyinmu cike suke da muryoyi.

To shi abokina ɗan fari ne. Mahaifiyarsa tana can ƙauye, tsohuwa irin ta da, ba ta taɓa kama sunansa ba. In ya je gida da salla ya durƙusa, sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice, ta tashi ta shige ɗaki. Mutum ya yi furfura bai taɓa hirar minti biyar da uwarsa ba. Ko ya kira wayar ƙanwarsa ya ce a ba ta, sai ya jiyo ta daga nesa tana cewa, "A ce masa ina lafiya."

Ƙanwar ce ta gano dabara. Duk ranar Juma'a sai ta zauna kusa da tsohuwa ta danna wajen ɗaukar murya. Tun da ba ya gabanta, kuma ba a lokacin yake ji ba, sai bakin tsohuwa ya buɗe. Ba da shi take magana ba, wai da 'yarta take.

"Ki gaya wa mutumin Inugu an yi ruwa shekaranjiya. Ki gaya masa katangar bayan gida ta zube, amma an tayar. Ki ce ya rage shan ruwan sanyi, tun yana goye ƙirjinsa ba ya son sanyi."

Ranar da wannan ta zo yana zaune a bencina bayan la'asar. Ya saurara, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ashe ta san ƙirjina."

Na ce, "Wa bai san ƙirjinka ba? Kamar na kazar da aka fige."

Ya yi dariya yana goge ido da hula. Kusan shekara uku yana tara muryoyin nan, ko ɗaya bai taɓa gogewa ba. Hotunan awaki yake gogewa in waya ta cika. Duk Juma'a a bencina yake saurare, ni ma ina kasa kunne ba a gayyace ni ba.

Ana nan sai wata magana ta shigo teburin mai shayi. A rediyo aka ji ana tattaunawa, wai saƙonnin da muke aikawa a kulle suke tafiya, daga wayarka zuwa wayar wanda ka aika wa, babu mai buɗewa a hanya. Wai kuma akwai gwamnatocin da suke neman a ba su nasu makullin, don su riƙa leƙawa saboda tsaro. Gardama ta kaure. Wani ya ce ai tuni makullin yana aljihunsu. Wani ya ce, "In ba haka ba, me ya sa sai an ɗauki fuskarka da yatsunka kafin a ba ka layi?" Babu wanda ya san gaskiyar, amma kowa ya taɓa aljihunsa. Mu da muke zaune a garin mutane, mun san duk lokacin da wani abu ya faru a ƙasa, akwai idon da yake juyowa kanmu. Ba sai an koya mana tsoro ba.

A makon nan ne aka sauke wa abokina awaki, da yawa sun mutu a mota, saboda an tsare tirelar a shingaye cikin rana. Mutumin da ban taɓa jin ya zagi ko akuya ba, ranar ya ɗauki waya ya aika murya a guruf ɗinmu na 'yan kasuwa. Ya ja Allah ya isa ga masu shingen, da waɗanda suka tura su, da waɗanda suka tura masu turawar. Da ya huce, sai jikinsa ya yi sanyi.

Washegari ya miƙo mini wayar. "Bakano, waɗannan 'yan alamomin guda biyu, me ya sa suke komawa shuɗi?"

Na sani sarai, alama ce wanda ka aika wa ya buɗe. Amma Shaiɗan yana da kujera ta musamman a kafaɗata. Na gyara hula na ce, "Au, ba ka sani ba? Alama ɗaya, saƙo ya tashi. Biyu, ya sauka. In ya koma shuɗi, gwamnati ta saurara ta sa hannu."

"Ƙarya kake, bawa."

"To."

Ya tsaya yana jan wayar sama da ƙasa da yatsa. Duk inda ya duba shuɗi ne.

Da na tsaya a nan, da ba ni da labarin ba ku yau. Amma ina! Bayan azahar na zagaya bayan wata rumfa, inda nake hango shi a cikin awakinsa. Na ɓoye lambata, abin da na daɗe da koya don tsokanar mutane. Na naɗa tsumman goge tebur a baki, na shaƙe murya, na kira shi da Turancin kasuwa.

"Na you be the goat man?"

"Yes sa."

"We dey hear you. Everything wey you talk, e dey our hand."

Wato muna jin ka, duk abin da ka faɗa yana hannunmu. Sai na ga abin bai ji gishiri ba, na ƙara da cewa, "Even your mama own." Har na mahaifiyarka.

Jama'a, na hango shi ya cire hula yana rusunawa, ba kowa a gabansa sai bunsuru yana tauna masa gefen riga. "Sorry sa, sorry sa." Na kashe waya na riƙe ciki, na yi dariya har da hawaye. Shirina shi ne gobe a teburin shayi, in jama'a sun cika, in sake yin muryar a gabansa, a yi ta ihu, shi ya saya mini shayi da ƙwai.

Goben ba ta zo yadda na tsara ba. Da hantsi wasu mutane cikin kayan gida suka shigo layin 'yan albasa, suka tsaya a kan wani bawan Allah da muke guruf ɗaya da shi. Waɗanda suke wajen sun ce kafin su tambayi sunansa, wayarsa suka fara karɓa. Suka sa shi a mota suka tafi. Babu wanda ya san su wane ne, babu wanda ya san laifinsa. Kasuwa ta yi tsit ta ɓangarenmu. Kafin azahar mutane suna ta ficewa daga guruf ɗaya bayan ɗaya.

Abokina bai zo shayi ba. Na bi sahunsa, na same shi yana fitowa daga shagon mai gyaran waya, wani Ibo da ya yi zaman Kano, Hausarsa ta fi ta 'ya'yana.

Ya ce, "Na sa an wanke ta tas. Layin kuma na karya na jefa a lambatu."

Na ce, "Da muryar Tsohuwa?"

"Ita na fara cewa a goge. Sun kira ni jiya, Bakano. Sun ambace ta. Mace ta tsufa a ɗakinta, a zo a tsaya mata a ƙofa saboda bakina?"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Abu biyu suka riƙe mini harshe. Na farko kunya. Na biyu, kuma shi ne ya fi ƙarfi, tsoro. Sai a lokacin ya faɗo mini cewa jiya na yi shigar jami'i a waya, a kan layin da aka yi wa rajista da fuskata da babban yatsana. In da gaske ana saurare, ai ba shi aka ji ba, ni aka ji. Ƙaryar da na ƙera da hannuna ta juyo ta kama ni. Na dubi mutumin nan na ce, "Ka yi daidai."

A duk maganganun banzan da na yi a duniya, kuma suna da yawa, babu wadda ta kai wannan.

Ya sami direban tirelar da yake bi ta wajen garinsu, ya ba shi sallahu ga ƙanwarsa: kada a sake ɗaukar muryar Tsohuwa, kada a aika ta wayar kowa. Muka koma zamanin da. Direba ya je ya dawo, ya leƙo daga saman mota ya ce, "Suna lafiya, suna gaishe ka." Shi ke nan. Ba ruwa, ba katanga, ba komai.

Duk Juma'a bayan la'asar yakan zo bencina kamar yadda ya saba. Ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya yi ta kallon ƙudaje. Ni kuma in yi ta sara ƙashi da ƙarfi don kada shirun ya yi yawa. Kowane mako sai in ce mako mai zuwa zan gaya masa. Mai albasa ya dawo bayan wasu makonni, ya rame, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Alhamdu lillahi." Bai daɗe ba ya tattara ya koma gida. Har yau ban san abin da ya kai shi ba, ko waya ce, ko wani ne ya kai sunansa. Rashin sanin nan ya ƙara ɗaure mini baki. Har na daina yi wa matata wasa a waya, sai "Lafiya? Lafiya."

Haka muka ci watanni.

Wata safiya ina tsakiyar yanka wa wata mata nama, wayata ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce, don lambata ce kaɗai ta rage mata a Inugu. Tsohuwa ta cika bayan asuba. Na ajiye wuƙa, na wanke hannu, na tafi cikin awaki na gaya masa. Ya yi salati, ya zauna a ƙasa. Na raka shi tasha. Daga nan zuwa can, ko jirgi ya hau ba zai sami jana'iza ba.

Sai bayan sadakar arba'in ya dawo. Ya ce ya tambayi ƙanwarsa ko akwai sauran muryoyin a wajenta. Wayarta ƙarama ce, tana aikawa take gogewa don wuri. Ya ce ta kuma gaya masa, bayan sallahun direba, duk Juma'a sai Tsohuwa ta gyara zama ta ce, "Yau ba a ɗaukar maganar?" A ce mata an hana. Ta ce, "To." Wata Juma'ar ta sake tambaya.

Ya ce in raka shi wajen mai gyaran waya. Mutumin ya karɓi wayar, ya juya ta, ya girgiza kai.

"Alhaji, ranar nan sau uku na tambaye ka, ka tabbata? Ka ce in goge har ajiyar da ke intanet. Abin nan a kulle yake tafiya. Wayarka da wayar ƙanwarka kaɗai suke da shi. Masu manhajar ma ba su ajiye ba. Ka yi haƙuri, Allah ya ji ƙan Mama."

Abokina ya yi godiya, muka fito. Na ɗauka magana ta ƙare.

Washegari da safe sai ga shi a teburina, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, da 'yar jaka a hannu. Na leƙa, na ga riga ɗaya, da buta, da carbi, da maganin tarinsa.

Na ce, "Ina zuwa, bawa? Ka gudu daga bauta?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Su fa suna da ita."

"Su wa?"

"Waɗanda suka kira ni. Da bakinsa ya ce har na mahaifiyata yana hannunsu. Kai ka fi ni jin Turanci, ka san gari. Raka ni ofishinsu. Zan ce ni ne na yi zagin, ban musa ba. In tsare ni za su yi, ga kayana na zo da su. Guda ɗaya kawai nake so su ba ni. Wadda ta yi maganar ƙirjina."

Na dubi jakar nan. Na dubi rigar. Mutum ya kwana yana shirin shiga hannun mutanen da yake tsoro fiye da komai, kuma fuskarsa da haske, irin hasken da ban gani ba tun ranar da ya karya layi.

Na ce, "Zauna."

Ya zauna.

Na ce, "Babu ofishi. Babu wanda ya kira ka. Ni ne."

Bai gane ba. Ya ce in bar wasa, yau ba ranar wasa ba ce. Na rantse masa, bai yarda ba. Ya ce ya san muryata ko a cikin barci. Ƙarshenta sai da na ɗauki tsumman goge tebur, na naɗa a baki, na shaƙe murya, na maimaita masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Wasan da na shirya yi a gaban jama'a, ga shi na yi, mu biyu, babu mai dariya.

Wata mata ta zo sayen nama, ta dube mu, ta wuce teburin gaba.

Can ya ce, "Ke nan babu wanda yake da ita."

"Babu."

"Ko'ina a duniya."

Na ajiye tsumman a kan tebur.

Ya ce, "Bakano, da ka bari na je sun kore ni. Da sai in ce tana nan a wani wuri, hana ni aka yi." Ya miƙe, ya ɗauki jakarsa. "Wasa ne tsakaninmu, kakanni suka bar mana. Na yafe maka."

Ya tafi cikin awakinsa da babbar riga.

Da ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Na je gidansa da limaminmu na sake ba shi haƙuri, ya ce ai magana ta wuce. Kuma ta wuce ɗin. Muna tare har yau, shi ya zama waliyyin 'yata da za ta yi aure. Ya sayi sabon layi, amma ƙaramar waya yake riƙewa, mai tocila, ya kira ya kashe.

Sau da yawa matasa sukan tambaye ni a teburin shayi, "Baba, wai da gaske ana jin mu?" Nakan ce ban sani ba, kuma iyakar gaskiyata ke nan. Ni ba makulli na sani ba, ba manhaja ba. Masu ilimi su yi ta gardama a kan wa ya kamata ya riƙe makullin. Abin da na gani da idona shi ne, ba sai an saurare ka ba. Ya isa ka yarda ana iya sauraron ka. Daga nan kai da kanka za ka yi sauran aikin, ka rufe bakinka, ka rufe na uwarka. Ƙaryata ba ta da ƙafar da za ta tsaya ko yini ɗaya, ba don ta tarar da tsoron a shimfiɗe ba. Ni da tsumma na yi, daga bayan rumfa, na minti ɗaya. Nakan yi tunanin wanda zai riƙe makullin gaske, kullum, a kan kowa, sai in ji ba na son in ƙarasa tunanin.

Har yanzu ban san ko daidai na yi da na gaya masa ba. Wata rana in ce dole ne, ba zan bar shi ya kai kansa inda ba a kira shi ba. Wata rana in ce na ƙwace masa abu ɗaya sau biyu.

Kwanakin baya muna alwalar azahar a gefen masallacin kasuwa, ya tsaya da buta a hannu, ruwa yana zuba a ƙasa. Ya ce, "Ka san wani abu? Maganganun duk ina riƙe da su, ko ɗaya ban manta ba. Amma sautin ya tafi. In na rufe ido na ce bari in ji ta, muryar ƙanwata ce take fitowa."

Ni da bakina bai taɓa rasa amsa ba tun da aka haife ni, na sunkuya na ci gaba da wanke ƙafar da na riga na wanke.